Bulala, Taɓarya, Gora da Keken Ɗinki

Shekaranjiya ina ɗinke bakin buhun naushi da basilla, ku huɗu kuna zaune a kan bencina kun haɗa kai a kan waya ɗaya kuna musu. Wannan ya ce cikin zakarun dambe masu nauyi wane ne ya fi kowa naushin gaba, wancan ya ce ƙarya ne. Can sai na ji ɗayanku ya ce wai shi jab, wato naushin gaban, ai ba duka ba ne, miƙa hannu ne kawai, kowa ma ya iya. Ban tanka ba saboda akwai zare a bakina. Yau bakina babu komai, sai ku gyara zama.

Sunana Hudu, amma a Karaye in ka ce Hudu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Koci, ko mai shayi zai nuna maka rumfar nan. Damben boko nake koyarwa, wanda ake sa safa a hannu biyu. Na fi shekara talatin ina tsaye a gaban mutane suna dukan tafin hannuna, kuma abin da na ci abinci da shi duk tsawon lokacin nan shi ne naushin da kuka raina: wanda ake yi da hannun da ke gaba, na hagu ga yawancin mutane, ya fita a miƙe ya komo a miƙe.

Ni ɗan mahauta ne, da damben gargajiya na fara. Da kaka in an gama cire gyaɗa mukan bi garuruwa, a naɗe min zare a hannun dama, hagu kuwa a buɗe take, ba ta da aiki sai kare fuska. Wata rana a Rogo na kai wani ƙato ƙasa a turmin farko. Ina tafe ana yi min kirari, na bi ta gaban wani injin niƙa, sai mai injin ya kashe shi ya fito. Dattijo ne siriri, gari ya yi masa fari har a gira. Baba Kofur ake ce masa, tsohon soja ne, a bariki ya yi damben boko.

"Samari, sannu da ƙoƙari. Ya gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Na ga wasanka. Amma in tambaye ka, hannu ɗaya Allah Ya ba ka?"

Na ce ɗayan ma ya ishi duk wanda ya fito. Ya yi murmushi, ya ja da'ira da ƙafa a ƙasa, ya shiga ciki, ya ce in zo in taɓa shi ko da a riga ne. Na ji nauyin furfurarsa, na kai hannu a hankali. Ban ga abin da ya faru ba, sai dai na ji tas a goshina. Na sake matsawa, tas a hanci. Raina ya ɓaci, na manta da furfura na kai masa na gaske, tas a baki. Da buɗaɗɗen tafin hagu yake yi, damarsa na manne da kunci ba ta ko motsa ba. Matan da suka kawo niƙa suka fashe da dariya, don duk inda ya taɓa sai ya bar shaidar gari. Da na leƙa madubin wani babur, fuskata kamar an yi min kwalliyar tashe. Washegari na ɗauko jakata na dawo Rogo.

Da safe ni ke zuba hatsi a inji, bayan la'asar mu koma bayan shago. Abin da ya fara yi min shi ne ya ɗaure min hannun dama a ƙugu da tsohon rawani. Wata uku haka. Ya ce mu Hausawa mun lalata hannun hagu tun yana ƙarami: ba ya cin abinci, ba ya gaisawa, ba ya miƙa wa babba kaya, in yaro ya kai shi akushi a make shi. "To hannun da aka yi shekara ashirin ana kora," in ji shi, "yau ka ce ya fito ya tsaya a gaba? Sai an lallashe shi."

Lallashin kuwa daga ƙafa yake farawa, abin da waya ba ta nuna muku. Babban yatsan ƙafar baya shi yake turawa, ƙafar gaba ta zame taƙi ɗaya, hannu ya isa daidai lokacin da ƙafar ta sauka. In hannu ya riga ƙafa, tallar fuskarka kake yi. In ƙafa ta riga hannu, ka sanar da abokin karawa kana zuwa. Kafaɗa ta tashi ta rufe muƙamuƙi. Baba Kofur yakan sa min lemon tsami tsakanin haɓa da ƙirji, ya ce in yi ta naushi. In lemon ya faɗi, a koma farko. Na sha lemon da ya yi birgima a ƙasa har haƙorana suka mutu, don ya ce ba a asarar abinci.

Yana da wata akwatin ƙarfe cike da kaset ɗin bidiyo da ya taho da su daga bariki, duk na zakarun duniya masu nauyi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan je gidan kallon wani abokinsa kafin 'yan kallo su fara zuwa. Ba kallon daɗi muke yi ba. Ya danna ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa, har maɓallin ya lotsa mai gidan ya riƙa yi mana tsaki. Bai taɓa kiran zakarun nan da sunayensu ba, ya ce harshensa ba zai wahala ba. Kowa da irin naushinsa na gaba ya raɗa masa suna, ni ma da su na san su.

Na farko Bulala. Shi ne wanda kuka fi so, na sani, mai rawa a kan yatsu, hannayensa a sake wajen ƙugu kamar mai jiran mota. Naushinsa daga ƙasa yake tasowa, ya fyaɗa, wuyan hannu ya murɗa a ƙarshe. Ba ya kai mutum ƙasa, amma yana tsaga gira, yana kumbura ido, sannan yana ɓata rai, wanda ya fi duka illa. Mutum in ya fusata sai ya manta abin da aka koya masa. Sai dai ku lura da inda hannun yake komawa. Ƙugu yake komawa, fuska a buɗe. Ƙafarsa ce take biya masa wannan laifin, kafin ka rama ya bar wurin. Baba Kofur yakan tsayar da hoton ya ce, "Kalla ka more, amma kada ka kwaikwaya. Ƙafar nan ba a sayar da ita a kasuwar Rogo." Duk yaron da ya zo min yana rawa hannu a ƙugu, na san wanda ya kalla, na kuma san zan nemi auduga.

Na biyu Taɓarya. Wannan ba ya rawa, ba ya murmushi. Takowa yake yi da dukan jikinsa ya sauke maka hannun hagu kamar mace ta samu turmi. Za ka ga kan mutum ya koma baya, gumi ya watse. Naushin gaban wasu tambaya ce, nasa kuwa hukunci ne, da shi kaɗai yake tura ƙato har igiya. Shi ne gwanin Baba Kofur, in ana nuna shi har gyara zama yake yi. Ni kuwa nakan ce masa, "Baba, taɓarya sai turmi ya tsaya." In ya gamu da mai yawo, iska yake daka, kafaɗa ta gaji.

Akwai Gora, dogo, wanda hannunsa kamar ba zai ƙare ba. Shi yakan bar hannun a miƙe a fuskarka, yana aunawa, yana tare maka gani, yana dungurinka duk lokacin da ka yi niyyar shigowa. Kana fama da gorar, dama ta biyo ta bayanta ba ka gan ta ba. Kallonsa babu daɗi, mai gidan kallo har gyangyaɗi yake yi. Amma ka duba fuskarsa bayan an tashi, kamar daga ɗaurin aure yake.

Nawa gwanin shi ne Keken Ɗinki. Ba shi da kyan Bulala, ba shi da nauyin Taɓarya. Daga haɓa hannun yake fita, ta hanyar da ya fita ta nan yake komowa. Ɗaya, biyu, uku, a goshi, a ƙirji, a goshi kuma. Ya yi maka biyu marasa nauyi ka saki jiki, na uku ya zo da ƙafa a bayansa. Abin da ya sa na zaɓe shi, akwai wani kaset da aka kai shi ƙasa, ya tashi idanunsa na juyawa, ƙafafunsa kamar na ɗan maraƙi. Kansa bai dawo ba, amma hannun hagu ya ci gaba da ɗinki shi kaɗai har hankalin ya iso. Na ce wa Baba Kofur naushin da yake aiki mai shi ba ya nan, ai ya fi. Ya ce soja ba ya son tela. Har ya bar duniya ba mu daidaita ba, Allah Ya jiƙansa. Ku kuma da kuke yanke hukunci da guntun bidiyon da bai kai a sha kofin shayi ba, an zaɓo muku masu kyau ne. Ku nemi cikakken wasa, ku tsallake zuwa turmin ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji. Wanda hannunsa yake komawa haɓa a lokacin, shi za ku kawo min mu yi magana.

Buhun farko da na rataya a rumfar nan, bayan na dawo gida na buɗe tawa, yashi na cika shi da shi daga bakin ruwa, da damshinsa. Kwana uku ya daskare ya zama dutse. Wanda ya fara dukansa ni ne, na yi sati biyu ana yi min ɗori a wuyan hannu. Yanzu ga yadda nake yi: tamfol ninki biyu, ɓawon gyaɗa da tsumman tela a cakuɗa, yashi busasshe kaɗan a ƙulle a leda a tsakiya don nauyi. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da guntun rodi. Waɗannan na hannuna kuwa faifai muke ce musu, don sun yi kama da faifan rufe ƙwarya. Wani baduku ne a kasuwa yake yi min su da fatar akuya da soson kujerar mota. Karo na farko ya yi musu ado da ja da kore kamar za a kai gidan amarya.

Riƙe faifai kuke gani kamar tsayuwa ce. Ba tsayawa ake yi a jira ba, tarar naushin ake yi, ka kai masa hannu kaɗan daidai lokacin da zai sauka. In ka makara, gwiwar hannun mai dukan ce za ta ji. In ka yi gaggawa, ka koya masa gajeren hannu. Sannan kunne yana aiki. Naushi mai kyau tas yake cewa, wanda aka tura bif yake cewa. Ku rufe min ido, ku jera yarana goma, zan faɗa muku sunan kowa daga yadda ya sauka a tafina.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai masu shirin shiga aikin ɗamara, su numfashi suke nema, wata biyu su tafi. Akwai 'yan damben gargajiya da suke zuwa a ɓoye don kada abokai su ce sun zama 'yan boko. Akwai wani Alhaji mai shagon taki da likita ya ce ya rage tumbi. Ya zo da babbar riga, na ce a cire, ya ce shi ba a taɓa ganinsa a singileti ba. Muka shirya a kan zai riƙa zuwa da hantsi in babu kowa, in sa labule. Wata shida yana yi, har ya iya naushin gaba mai kyau, irin na Taɓarya. Ranar da ya ga ya iya ɗaura igiyar takalmi ba tare da nishi ba, ya aiko min da cinyar rago.

Shekarar da ta ba ni wuya, Isiya ne sanadi, ko in ce ni ne. Ɗan acaɓa ne, yana da dama kamar aradu. Duk wanda ya taɓa a rumfar nan sai ya zauna. Hagunsa kuwa malalaciya ce, in ta fita sai ta tsaya yawo kafin ta dawo. Na sani, na kuma san bai isa fita ba. Aka ce ana gasa a Kano, zumuɗi ya ɗebe ni na kai shi. Ya gamu da wani yaro da ba shi da rabin ƙarfinsa amma an koya masa jira. A turmi na biyu hagun Isiya ta fita ba ta dawo ba, damar yaron ta biyo ta samanta. Muƙamuƙi ya karye. Aka ɗaure masa baki da waya.

Mahaifiyarsa ta zo har rumfa. Ba ta ɗaga murya ba. Muka gaisa sosai, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Koci, na ba ka yaro yana cin tuwo, ka dawo min da shi yana zuƙar koko da tsinke. Na gode." Ta juya. Kafin sati ya zagayo iyaye sun janye 'ya'yansu, mai unguwa ya aiko a ce in sauke buhu. A daminar nan kuma katangar ɗakina ta zube a kan akwatin Baba Kofur, wadda ya bar min. Na zare kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya na shanya a igiya, ko ɗaya bai tashi ba. Na rufe rumfa na tafi Kurugu noman gyaɗa a gonar kawuna.

A can wata rana ina hutawa a gindin tsamiya, na ga wani bijimi ya taso wa wani makiyayi. Saurayi ne dogo, kafaɗa kamar ƙofa. Bai gudu ba, bai ɗaga sanda sama ba. Da hagu ya riƙe ta, ya dunguri hancin bijimin, ya zame gefe. Bijimin ya juyo, ya sake dungurinsa, ya sake zamewa. Har dabbar ta gaji ta koma cikin garke. Na ajiye fartanya na bi shi.

Sunansa Bello. Na yi masa bayani ya yi ta dariya, ya ce shi bai taɓa dukan mutum ba. Na je rugarsu na gaida mahaifinsa, aka kawo min nono, muka yi ta zagaye-zagaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Tsohon ya ce, "In shanu sun sha ruwa, lokacinsa ne, ya yi abin da ya so. Amma haƙoransa cif na ba ka." Faifaina suna Karaye, da takalmana na roba na riƙa tarar masa. Ƙafa ba sai na koya masa ba, shanu sun riga ni. Ni dai na rufe masa hannu, na sauke masa haɓa. Dama kuwa ban ko kula ta ba sai can daga baya.

Da kaka ta yi, samarin Rogo suka shirya wasanni a filin wata firamare, har da damben boko. Suna da wani Garba, ɗan dako a kasuwar hatsi, ana ce masa Tirela. Buhu biyu yake ɗauka yana hira. Ya aiko da saƙo ta bakin direbobi cewa tunda Koci ya koma noma, Karaye ta aiko da ko mai kallo ne, za a ba shi kujera. Maganar ta zaga gari, har ta kai kunnen mai unguwa. Ya kira ni.

"Koci, an ce kana da wani Bafulatani."

"Akwai shi, ranka ya daɗe."

"Ya isa, ko irin na wancan karon ne?"

"Wannan ya isa."

"To ku je, ni ma zan zo in gani da idona. In yaron mutane ya dawo da rauni, buhunka da kaina zan sa masa wuta, kuma an gama maganar dambe a unguwar nan. In ya dawo lafiya, ka rataya abinka."

Wanda ya ɗauke mu a babur zuwa Rogo Isiya ne. Bakinsa ya warke, shi ya zo da kansa ya ce ba mai kai mu sai shi. Duk hanya yana ce wa Bello, "Ka dai riƙa mayar da hannun gida. Ni na san kuɗin mantuwa."

Bayan la'asar aka shiga fage, an kafa turaku huɗu an ja igiya, turmi uku za a yi. Garba ya shigo ana kiɗa. Bello bai taɓa tsayawa a gaban taro haka ba. Ana buga ƙarfe Garba ya taso da gudu, Bello ya manta komai, ya rufe ido ya dunƙule. Wani naushi ya same shi a kafaɗa ya watsa shi kan igiya, wani ya goge masa kunne. 'Yan Rogo suka ɗauki ihu. Na hango mai unguwa ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ƙyar aka kai ƙarshen turmin.

Ya zauna yana haki. Na zuba masa ruwa a ka, na ce, "Bello, dube shi da kyau. Ka ga yadda yake sunkuyar da kai in zai taso? Me ya tuna maka?"

Ya leƙa. Sai ya ce, "Wallahi kamar jan bijimin Baffa."

"To ka san inda hancinsa yake."

Turmi na biyu Garba ya sake tasowa. Tas. Ya tsaya yana ƙifta ido, Bello ya riga ya koma gefe. Garba ya juyo ya kawo wani da zai iya karya turke, ya sami iska. Tas, tas. Tun mutane suna cewa a tsaya a yi dambe mana, wannan ai gudu ne, har suka yi tsit, daga baya yara suka fara amsawa, duk wanda ya sauka su ce "tas" baki ɗaya. Garba ya fusata, ya riƙa jifa da hannu biyu, numfashinsa ana ji daga bayan igiya. A turmi na uku hancinsa ya fashe, idonsa na dama ya fara rufewa. Sau ɗaya tak Bello ya saki dama, ita ma a ƙirji, ya ce min daga baya tausayi ya ji. Aka buga ƙarfe, alƙalai uku duk suka nuna ɓangarenmu.

Mutanen Karaye suka ɓalle igiya. Mai unguwa ya ratsa su ya zo, ya kama haɓar Bello ya ce, "Buɗe baki." Bello ya tofar da robar baki ya wangame. Ya duba sama, ya duba ƙasa, kamar mai sayen rago. Sannan ya mayar da hularsa, ya ce, "Koci, gobe ka rataya. Amma in ka sake kai ɗanye gasa, ni da kai ne." Na ce na ji, kuma har yau ban sake ba.

Ranar kasuwar Karaye da ta biyo, ina kan tsani ina ɗaure buhu, Bello na riƙe min, sai rumfar ta yi duhu. Garba ne a bakin ƙofa, ido ɗaya a kumbure. Bello ya saki tsani ya koma bayan buhu, saura kaɗan in faɗo. Garba ya yi sallama, ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiyar ranar nan.

"Koci, ni fa ba zafin dukan ne ya kawo ni ba," in ji shi. "Buhu ya sha faɗo min a ka. Abin da ya hana ni sakat, turmi biyu ina neman mutum, ga shi a gabana ina ganinsa, na kasa samunsa. Abin nan da ya riƙa taɓa min hanci da shi nake so a koya min."

Na ce, "Ga mai shi nan a bayan buhu, tambaye shi."

Bello ya leƙo. Na miƙa masa faifai, ya sa a hannu yana kallona yana kallon Garba. Ya ɗaga su a hankali, ya ce, "Bismilla, Yaya Garba. Amma don Allah nan za ka daka, nan. Ni ma ina da hanci."

Shekara huɗu Garba yana hawo mota daga Rogo duk ranar kasuwa. Yanzu yana da rumfarsa a can, yana da yaransa, kuma hagunsu ta fi ta nawa tsabta, ba na ɓoyewa. Bara sau biyu suka doke mu. Duk ranar da hakan ta faru, kafin in iso gida wayata take ƙara. Shi ne. Sai ya yi sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Koci, na kira ne in yi maka jaje." Ina jin yaransa a bayansa suna dariya.